Hutun Rabin Lokaci

"Matso da kujerar mana, ba cizo nake ba," in ji tsohon Gola daga kan gado.

Mai Sharhi, wanda ke sharhin ƙwallo a rediyo, ya matso, idonsa na kan kwalaben magani. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, amma rabonsa da gidan nan wata biyu, tun ranar da Gola ya ja tsofaffin 'yan ƙwallo suka ɗaga kwalaye a filin wasa, suna neman gwamnati ta saki malaman makarantar da ta kulle. Asabar ɗin da ta biyo baya, ana hutun rabin lokaci, manajan gidan rediyo ya miƙo wa Mai Sharhi takarda, wai Gola ya taɓa sayar da wasan ƙarshe shekara talatin da suka wuce. Mai Sharhi ya san ƙarya ce tsagwaronta. Ya karanta, da muryar nan tasa ta ihun ƙwallo a raga. Daga ranar masu zuwa gaishe da Gola suka ɗauke ƙafa.

"Ka iya karatu, ƙanena," in ji Gola. "Ko tuntuɓe ba ka yi ba."

"Yaya, wallahi matsa mini aka yi."

"Na sani, kana da iyali. Ni jikokina nake ji. Ka dai ce a rediyo ban sayar ba, shi ke nan."

"Ranar Asabar, in Allah ya yarda."

Asabar ta zo, alƙalin wasa ya busa hutu. Manaja ko kallonsa ba ya yi, yana can bayan gilashi yana latsa waya. Mai Sharhi ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana lissafa bugun kusurwa da katin gargaɗi, minti goma sha biyar cif. Ya ce wa ransa sati mai zuwa.

Da yamma ya tarar da takalman masu ta'aziyya jibge a ƙofar gidan Gola.

"Bai sha wuya ba," matar Gola ta ce masa. "Cewa ya yi in kamo masa tasharku in ƙara murya. Da aka dawo daga hutu ya ce in kashe, sai ya juya bango."

Mai Sharhi ya waiwaya. Ta labulen ɗaki ya hango ɗan rediyon a gefen matashin kai, eriyarsa na nan a miƙe.