Gurjiyar Hanyar Karu

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta koma Abuja, Saleh ya bi ma'aikatarsu, matarsa Hafsah ta ƙi binsa. Ta ce ba za ta kwashi yara ta kai su inda babu komai sai siminti da jar ƙasa ba. A Ingila ta yi karatun haɗa magunguna, ta dawo da ɗabi'ar da dangi ke yi wa dariya, wato son fure. Barandarsu ta Legas cike take da tukwanen shuka, ko wurin shanya babu.

Saleh ya zauna shi kaɗai a gidan ma'aikata a Garki, yana cin abincin buka na bakin titi, yana wanke rigunansa a bokiti. Wata Asabar, zafi ya fara kankama, ya sauke wani abokin aikinsa a Karu. A hanyar dawowa ya ga wasu itatuwa a bakin rafi, ba ganye ko ɗaya a jikinsu, amma kowane reshe ja wur da fure. Ya tsaya ya tambaya, aka ce masa gurjiya ce. A ranar ya je ya bi layi a ofishin waya, ya kira Hafsah.

"Maman Hanif, ki zo ki gani da idonki. Ko a Ingilar taku ba ki ga irin wannan ba."

"Kai da ba ka bambance fure da yakuwa?"

"Ki dai zo."

"Zan zo. In na ga abin da ka faɗa, mu taso idan an yi hutun makaranta. In ban gani ba, kada ka sake tada mini maganar nan."

Ya amince ba tare da gardama ba, domin da idonsa ya gani.

Sai da aka kwana biyu kafin ta samu hutu a asibitin da take aiki. Ta iso gab da azumi. Washegari da hantsi ya ɗauke ta a mota, ya yi niyyar barin Karu zuwa ƙarshe. Ya fara da shataletalen Garki, inda aka dasa 'yan itatuwa iya gwiwa, tankar ruwa na bi tana ba su.

"Waɗannan jikokinmu ne za su ga furensu," in ji Hafsah.

Ya nufi Utako, inda ya san wata gonar mangwaro da yazawa da ƙanshinta ke isa har titi. Suka tarar katafila ta riga su. An share filin tas, an tara kututture gefe guda. Hafsah ta kalla, ta ɗaga gilashin motar. Da ma ta yi magana, da ya fi masa sauƙi.

A Karu ya ajiye motar daidai inda ya ajiye ta wancan karon. Rafin na nan, itatuwan na nan, amma an daddatse rassansu, sun tsaya dungu-dungu. Ba fure a sama, ba fure a ƙasa. Ya zagaya gindin ɗaya, ya zagaya na biyu, ƙayar jikinsa ta kama masa hannun riga.

"To, Baban Hanif," ta ce daga ƙarƙashin lema, "ina Ingilar?"

Wata dattijuwa ta hauro daga rafin da ƙwarya a kafaɗa. Ta tsaya tana kallon takalmansu.

"Oga, fili ne? Nan ba na sayarwa ba ne."

"Fure nake nema, Mama. Kwanaki itatuwan nan ja suke."

"Oho! Mun cire shi. Samari sun hau, sun sare reshe. In ka jira ya faɗo da kansa, akuya zai riga ka."

"Kun cire ku yi me da shi?"

"Miya mana." Ta dubi Hafsah, ta dubi lemar. "Madam daga ina ya zo?"

"Daga Legas."

"Daga Legas, don ya kalli miya a kan itace?" Ta yi dariya har sai da ta sauke ƙwaryar. "Ku zo. Sunana Magdalene. Tun da kun zo kallo, ku kalla."

Bayan gidanta akwai falalen dutse. Mata na zaune suna zare jajayen ganyen furen suna jefarwa, suna shanya ɗan ƙoƙon gindinsa a rana. Abin da aka jefar ya yi tsibi, ya fara baƙi, awaki na kai. Saleh ya tsaya da makullin mota a hannu. Hafsah ta rufe lemar, ta tsuguna, ta ɗauki ƙoƙo ɗaya ta murza, ta shinshina. Ta tambayi yadda ake daka shi, da ko ana sa kanwa, da tsawon lokacin da yake yi bai lalace ba. Magdalene ta kawo tuwon dawa da miyar, mai yauƙi, da busasshen kifi. Saleh ya ce ya ƙoshi. Hafsah ta wanke hannu ta cinye nata, ta ja nasa.

"Mama, yaushe zai sake yi?"

"Baɗi, war haka. Reshe zai fito. Amma ki zo da wuri, ɗiyata. Mu ba ma jiran kowa."

A mota, da suka fara hango gine-ginen Garki, Saleh ya ce:

"Ba ki gani ba. Na yi alkawari, ba zan sake tada maganar ba."

"Ban gani ba," ta ce.

Ta buɗe ƙullin garin miyar da Magdalene ta ba ta, ta duba, ta ƙulle.

"Amma akwai shi. Na ga gindinsa. Sai dai daga Legas ba mai riga matan nan. Sai wanda ke garin ranar da ya buɗe."

Saleh ya rage gudu, bai kalle ta ba.

"Gidan naka yana da baranda?"

"Ƙarama ce."

"Me ke ciki?"

"Bokiti da tsofaffin takalma."

"Ka kwashe su kafin hutun makaranta."