Jar Motar da Ba a Ja da Jakai Ba

A daminar shekarar da aka karɓi mulkin kai, wani Bafaranshe mai sayen auduga ya tattara komatsansa daga Dahomi, ya biyo hanyar Segbana zai fita ta Nijeriya. Motarsa 'yar ƙarama ce ja, mai kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa kamar kwalekwale. Dab da Kaoje ya tarar ruwa ya shafe hanya. Masunta suka yi ta ɗaga masa hannu, bai tsaya ba. Injin ya sha ruwa, ya yi wata ƙara guda, ya mutu.

Aka turo ta har ƙofar maƙerar Namadi, don shi kaɗai ne a garin ya taɓa buɗe cikin inji. Namadi maƙeri ne ɗan maƙeri, amma ya yi shekara huɗu a soja yana gyaran manyan motoci a yaƙin Bama, can ya baro yatsu biyu na hannun hagu. Ya kwance kan injin ya leƙa. Fistan na uku, cikin ƙarafan da ke hawa da sauka a injin, ya dare biyu, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Baturen ya duba, ya ce irin wannan fistan ko a Ikko babu, sai Turai. Ya ɗauki akwatinsa, ya jefa wa Namadi makulli, ya ce ya bar masa ita. Ya shiga jirgi ya tsallaka Kwara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan kwana uku Alhaji Sambo ya zo da rakiyarsa. Shi ne shugaban kwamitin bikin mulkin kai, mutum mai murya da yawan jama'a. Ya zagaya motar yana murmushi.

"Namadi, Allah ya kawo mana abin biki. Ranar ɗaya ga wata za mu ɗaura mata jakai huɗu, mu zaunar da mutum-mutumi da hular Bature, a ja ta a zagaya fili. Kowa ya gani da idonsa, sun tafi, ƙarfensu ma ya mutu."

Namadi yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Alhaji, ba ni ba da ta."

"Mi ka ce?"

"Na ce ba ni ba da ta. In jakai suka ja wagga mota, mi mutane za su gani? Za su ga Bature ya tafi, mu kuwa mun kasa tayar da abin da ya bari. Ni ba za a nuna wannan da sunan maƙerata ba."

"To kai za ka tashe ta? Mai ita ma ya ce sai Turai."

"Shi ya faɗa. Ni ban faɗa ba."

Sambo ya kaɗa babbar riga ya tafi. Kafin la'asar labari ya cika gari, wai soja ya taɓa wa Namadi kai, ga shi yana kare kayan Nasara.

Sandar ba ta ba shi wuya ba. Ya gasa ta a hankali, ya miƙe ta bisa uwar maƙera, yana aunawa da 'yar'uwarta. Fistan ne aiki. Ya haɗa ɓarin nan biyu, ya ƙera kamarsa da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu da kashin jaki kamar yadda masu zubin tagulla ke yi, ya narkar da tsoffin kwanonin goran ruwa ya zuba. Da ya fasa yumɓun sai ya ga abin duk ramuka, da ya ƙwanƙwasa kuma ya ji sautin banza. Ƙarfen kwano ba zai jure wuta ba. Ya jefar da shi bayan zugazugi, ya zauna ya yi tagumi.

Matarsa Hamsatu ta kawo masa fura ta tarar da shi haka. Ita 'yar Segbana ce, Badendiya, ba ta da yawan magana.

"Maigida, ba da ƙarfen mota ake yin na mota ba?"

"Da shi. Ina zan same shi?"

"Akwai gawar babbar mota bayan gidan auduga a garinmu. Tun ina budurwa take nan, awaki ke kwana ƙarƙashinta."

Washegari ya hau keke. Kwana biyu ya yi a hanya, yana ɗaukar keken a ka in ya zo fadama. A kan iyaka wani ɗan sanda mai sabuwar tuta a hula ya tambaye shi takarda. Namadi ya ce gidan surukai za shi, hanyar nan kuwa yana bin ta tun ba a haifi mai tambayar ba. Ya dawo da tsoffin fistan huɗu a buhu, ya narkar da su.

Zubi na biyu ya fashe wajen sanyi. Na uku ya fito sumul, ya yi ƙara mai daɗi kamar ƙararrawa. Saura a fere shi ya zauna daidai cikin silinda, raminsa na cikin injin, ga shi ba injin fira. Ya kife kekensa, ya ɗaura sarƙa zuwa wani dogon ƙarfe da ya kafe tsakanin turaku biyu, ya maƙale fistan a kai. Maƙwabtan da ya nema su juya masa feda duk suka noƙe, ba mai son ɓata wa Sambo rai. Hamsatu ta ɗaura gyale a ƙugu, ta durƙusa ta kama fedar da hannu biyu. Tana juyawa, shi yana tokare magagari, garin ƙarfe na zuba a ƙafafunsu. Ya fere, ya gwada, ya shafa baƙin tukunya ya ga inda ya matse, ya sake ferewa.

Ranar biki ta zo ba su gama ba. Suna jin kalangu da guɗa daga fili. Sambo ya biyo da jama'arsa ya tsaya bakin maƙera.

"Yaya dai, injiniya? Ko a kawo jakan?"

Aka bushe da dariya. Zuciyar Namadi ta yi zafi, amma bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Hamsatu, ci gaba da juyawa."

Kwana goma sha tara bayan biki, da hantsi, ya sa wa fistan ringi, ya ɗaure kan injin, ya wanke filogi, ya zuba man da ya sayo a Bagudo. Ya juya handul ɗin tayar da inji har sau bakwai, shiru. A na takwas motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta fesa hayaƙi shuɗi, sannan ta kama ruri har kajin unguwa suka watse. Injin yana ɗan ɗingishi, don sabon fistan ya fi 'yan'uwansa nauyi, amma yana tafiya.

Namadi ya buɗe ƙofa ya ce, "Shiga, ke kika juya ta."

"A idon mutane?"

"A idon mutane."

Ta gyara lulluɓi ta shiga. Suka bi ta tsakiyar kasuwa, suka wuce ƙofar gidan Sambo yana zaune kan tabarma da baƙi. Namadi ya rage gudu, ya yi masa sallama yadda ya kamata, ya wuce. Suka je har garin Lafagu suka dawo, sau biyu suna tsayawa a zuba mata ruwa.

Da rani aka ce wani babba zai zo rangadi, Sambo ya aiko a ara masa motar don tarya. Namadi ya ce mai son shiga ya zo da kansa ya tambaya. Sambo ya yi kwana biyu yana fushi, rana ta uku ya zo. Namadi ya tuƙa shi har bakin kogi.

Fistan ɗin ya yi wata goma sha huɗu kafin ya tsage. Namadi ya kwance shi, ya juya shi a hannu yana duba inda ya gaza, ya ce wa Hamsatu gefen nan ne ya yi siriri. Ya aika kasuwa a sayo masa kakin zuma.