Shanun Baffa Modibbo

"Babu, wallahi. Irin wannan sai Kano," in ji mai kemis, ya miƙo wa Yahuza kwalin maganin.

Yahuza ya fito rana yana jin kamar ya zauna bakin kwata ya yi kuka. Tun hantsi yake zaga Dutse a kan babur, kowa sai ya juya kwalin ya girgiza kai. Can Limawa kuwa maƙwabcinsa Baffa Modibbo na kwance ya sandare kamar icce, jiki zafi rau.

Ciwon karkarwa ya daɗe da kama tsohon. Yahuza ne ke kai shi asibiti, don ɗan tsohon, Misbahu, a Kiyawa yake aiki. A gabansa likita ta yi bayani cewa akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwar Baffa ta rage samarwa, ƙwayar kuma kwaikwayonsa take yi. Ta ce a ɗakin bincike an ga irin maganin yana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fitar da abin da ke ciyar da jijiyoyi ya kuma kare su, amma ba a tabbatar a jikin mutum ba. Yahuza manomi ne, sai ya riƙe farkon zancen ya watsar da "amma". A wurinsa maganin takin jijiyoyi ne kawai.

Magani ya karɓi Baffa, ya koma sa maɓallin rigarsa da kansa. Sai dai ya zo masa da baƙi. Garken shanun da ya sayar tun yana da ƙarfi ya dawo tsakar gida, shi kaɗai ke gani. Yakan ce wa matarsa Inna Mahbuba ta kau da turmi kada maraƙi ya yi tuntuɓe. Unguwa ta sha dariya, shi ma rabonsa da walwala haka an daɗe. Ranar da aka tsinto shi a tsakiyar titi da sanda a kafaɗa, motoci na kauce masa, dariya ta ƙare. Tsoro ya kama Misbahu, ya juye ƙwayoyin a masai gaba ɗaya. Tun farko likita ta ja kunne kada a tsayar da su farat ɗaya, amma Yahuza kaɗai ya ji, kuma ranar yana gona.

Da ya rasa maganin a kemis, Yahuza ya kira likitar. Ta ce a kawo shi maza, in an samu ƙwayar a ba shi. Ya tura Misbahu neman mota. Sai ya tuna Hajiya Iyatu ta Yalwawa, mai irin ciwon Baffa, wadda suke haɗuwa da ita a layin asibiti. Bai ko gama gaisuwa ba ya durƙusa mata a soro. Tsohuwar ta kwance bakin mayafinta da hannu mai rawa, ta ba shi rabin ƙwayoyin da suka rage mata.

Da ya koma Limawa ya tarar da Inna Mahbuba tana yi wa mijinta fifita. Ya daka ƙwayar a cokali, ya ɗiga ruwa, ya tallabo kan tsohon.

"Baffa, ga shi na samo. Haɗiye, don Allah. Jijiyoyin za su farfaɗo."

Idon Baffa na kan ƙofa. Leɓensa ya motsa, sai da Yahuza ya kai kunne ya ji.

"Yahuza, gidan ba kowa. Wa ya kore su?"

"Suna hanya, Baffa. Haɗiye su shigo."

Ya zuba a hankali. Maƙogwaron bai motsa ba. Yahuza ya shafa masa wuya yana roƙo, yana ambaton Allah, har Inna ta riƙe masa hannu ta fara laƙƙana wa mijinta kalmar shahada. A waje mota ta tsaya, Misbahu na ƙwala kira a fito da shi.

Farin ruwan maganin ya gangaro ta gefen baki ya tsaya a gemu, Inna Mahbuba ta sa bakin zanenta tana gogewa a hankali.