Filon da ke Cikin Babbar Ganga

Auta ta durƙusa a garejin gidansu tana dirzar zoben babbar ganga da soson ƙarfe, yatsunta duk sun yi ja da tsatsa. Sati uku ke nan tana wannan aiki a ɓoye, kullum in ta taso daga makarantar da take koyarwa. Yau Asabar, ta kuma yi wa kanta alkawarin yau za ta gama.

Gangunan na babanta ne, irin waɗanda ake bugawa a zaune a ƙungiyar kiɗa: babba guda da ake takawa da ƙafa, ƙanana uku, da faya-fayan tagulla biyu. Shekara ashirin ya yi yana buga su kafin ya ajiye sanduna ya koma tuƙin motar ofis. Wata biyar da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama. Likita ta ce hannun zai dawo in dai ana motsa shi kullum, in kuwa aka bar shi kwance, zai sandare ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya ce shi ba jariri ba ne, ya tura ƙwallon ƙarƙashin kujera. Tun daga nan sai zama gaban taga, hannun a kan cinya kamar wani ne ya ba shi ajiya. Auta ba ta iya kallon hannun nan zuciyarta ba ta karye ba, don da shi yake buga mata kiɗa a kan tebur tana ƙarama.

Sababbin kaya sun fi ƙarfin albashin malamar firamare, sai ta shiga gari tsince-tsince. Fatun ganguna na roba ta samo na hannu wurin wani mai ba da hayar kayan kiɗa. Mai gyaran keke ya yanko mata guntuwar sarƙa ta maye gurbin ta abin takawa da ta tsinke. Jikin gangunan ta lulluɓe da ragowar jar ledar kujerun mota. Mai walda kuwa, da ya liƙe mata ƙafar ƙarfen da ta karye, cewa ya yi, "Malama, in kin kafa ƙungiyar ki tuna da ni, ina da murya."

Sauran aikin na tsafta ne, a nan kuwa Auta gwana ce. Ta zaro wani tsohon filo da ya yi baƙi ƙirin daga cikin babbar ganga, ta toshe hanci ta jefa shi kwandon shara. Ta goge faya-fayan tagulla da lemun tsami har tana ganin fuskarta a ciki. Ta ɗaure kowace fata tamau, don kada a ce an yi aikin lalaci.

Da yamma ita da Mama suka lallaɓo Baba zuwa gareji.

"Sai kace za ku kai ni allura," in ji shi.

Auta ta yaye zanen gadon da ta rufa. Baba ya bi gangunan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ce a taɓa min kaya?" ya tambaya a hankali. Amma ya zauna a kan 'yar kujerar da ke bayan gangunan.

Ya taka babbar ganga. Amo ya tashi ya yi ta yawo a gareji kamar an doki durom marar ruwa. Baba ya ɓata fuska, ya sunkuya ya leƙa ciki.

"Ina filona?"

"Na zubar, Baba. Wari yake yi."

"Kin zubar. Ke kin zaci barci nake yi a ciki? Shi ke riƙe amon ya tsaya inda aka ce ya tsaya."

Mama ta leƙa kwandon shara, ta ɗago filon da yatsu biyu, ta juya shi. A gefensa akwai ɗinkin fure da ya kusa gogewa.

"Baban Auta, wannan ba shi ne filona da ya ɓace muna sabon aure ba? Wanda na zargi ƙanwata a kansa har muka yi wata ba ma magana?"

Baba ya kawar da kai. "Na gwada guda huɗu. Naki ne kawai ya yi daidai."

"Allah ya shirye ka," in ji Mama, tana dariya tana cusa filon inda ya fito.

Ya ɗauki sanda da hagu ya taɓa faifan tagulla. Ƙarar ta fito da kaifi, har Auta ta runtse ido.

"Wannan dattin da kika kankare, ni na tara shi da gumina. Shi ke sanyaya muryar. Kin wanke min shekara ashirin da lemun tsami."

Hawaye ya cika idon Auta. Sati uku tana hango shi yana murmushi, ga shi duk abin da ta yi da ƙauna ɓarna ce. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ban sani ba."

Bai ma ji ta ba, ya riga ya koma kan ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyinsa. Ya buga sau ɗaya.

"Sai kace murfin tukunya. Kawo makulli."

Ta kawo ɗan makullin da ake juya ƙusoshin fata. Aikin na hannu biyu ne: ɗaya na ƙwanƙwasa fatar kusa da ƙusa ana sauraro, ɗaya na juyawa. Baba ya riƙe sanda da hagu, ya ce ta juya.

"Kaɗan. Na ce kaɗan, ba famfo kike buɗewa ba. A'a, ba na kusa da shi ba, tsallaka wanda ke fuskantarsa. Ke wai me kike koya wa 'ya'yan mutane?"

"Lissafi, Baba."

"Allah sarki yaran. Ba ni nan."

Hannun dama ne ya tashi daga cinya, yana karkarwa, ya karɓi makullin. Makullin ya suɓuce ya faɗi kan fata. Auta ta yunƙura za ta ɗauka, Mama ta riƙe mata gefen riga. Baba ya bi shi da yatsu uku, ya kama, ya ɗora a kan ƙusa a karo na uku, ya cije leɓe ya juya. Ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne, ya sake juyawa. Ƙusoshi takwas suka cinye masa kusan awa guda, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Auta ta tsaya a bayansa, hannu a baki, tana tsoron ko numfashi ta yi da ƙarfi zai tuna da hannun da yake aiki.

Daga ƙarshe ya buga, gangar ta amsa da murya mai taushi. Ya gyaɗa kai.

"Sauran biyun sai gobe. Kada wanda ya ƙara taɓa min kaya." Ya jefa makullin a aljihu, Mama ta raka shi ciki.

Auta na tattara tsummoki Mama ta dawo, ta tura ƙofar gareji, ta buɗe tafin hannunta. Ga makullin, ta zaro shi daga aljihun Baba.

"In ya gama sauran biyun gobe, jibi me zai yi?" ta tambaya.

Mama ta nuna ƙaramar gangar da haɓa.

"Wannan da ya gama yanzu, in aka sassauta ƙusa biyu, zai gane?"

"Zai gane mana, Mama. Faɗa zai yi ta yi."

Mama ta danƙa mata makullin. "To sassauta uku."