Katin Auta, Huhun Yaya

Shekara goma sha ɗaya Auta yana walda a masana'antar tankuna, wuta ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Amma ranar da aka tura duk masu walda a duba huhunsu saboda hayaƙi, aka kwantar da shi a siririn gado, gadon ya zarce da shi cikin injin hoto mai kama da ƙaton zobe, sai da tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf.

Bayan kwana uku ya koma jin sakamako. Yayansa, direban tirela, shi ya rako shi, ya zauna a benci yana tari cikin hankici.

"Kai Auta, dubi fuskarka kamar wanda aka tono! Shiga mana. In ka suma, ni dai ba zan goya ƙato ba."

Likitar mace ce mai tabarau. Ta juyo masa da allon kwamfuta, tana wuce hotunan ƙirjinsa yanka-yanka.

"Huhunka fes yake," ta ce. "Abin da ya ɗaure min kai shi ne wannan."

Ta buɗe wani hoton na shekara biyu baya, mai ɗauke da lambar katinsa. Ta ɗora bakin biro kan wani farin ɗigo da bai kai ƙwayar wake ba.

"Wannan ƙullutu ne. An rubuta ka dawo bayan wata uku a ga ko yana girma, ba ka dawo ba. Yanzu babu shi. Ga kuma haƙarƙari biyu da suka taɓa karyewa, su ma yau babu alamarsu. Malam, ka taɓa karyewa?"

Shi Auta ko yatsa bai taɓa karyawa ba. Yaya ne ya taɓa faɗowa daga kan tirela. Yaya ne kuma ya ari katin Auta na asibitin masana'anta a wancan lokacin da tari ya matsa masa, tunda kamarsu ɗaya, ba mai tantancewa. Daga baya asibiti suka kira wayar Auta sau biyu. Ya ɗauka asiri ne ya tonu, ya ce musu lafiyarsa ƙalau, ya kashe. Ko Yaya bai gaya wa ba.

"Likita," ya ce, "irin wannan in an bar shi shekara biyu fa?"

"Wani yana nan yadda yake, ba ya komai. Wani kuwa..." Ta cire tabarau ta zuba masa ido. "Ƙirjin wane ne wannan?"

Aron kati kora ce kai tsaye a masana'antarsu, Auta ya sani. Ta bayan ƙofa tarin nan ya sake tashi, dogo, mai jan ƙirji, irin wanda duk gidan suka saba ji har suka daina ji.

Auta ya miƙe, ya buɗe ƙofar.

"Yaya, shigo."

"Ni kuma? Ko allura za a yi maka kake neman mai riƙe ka?"

Yaya ya taso yana dariya, yana saurin dunƙule hankicin zai cusa aljihu. Bai yi saurin da ya isa ba. Auta ya riga ya ga jan jinin da ke jiki.