Jar Mota a Ƙarƙashin Kwali

Da Tela ya san abin da bakinsa zai jawo a safiyar Asabar ɗin nan, da ya haɗiye maganar tare da shayinsa. Amma mai fargaba bakinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ɓarnar da za a yi wa gidan ta riga ta iso bakin ƙofa tana cire takalmi.

'Yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Injiniya tun lokacin da take kwance rediyon gida tana yarinya, ta gama makaranta ta zauna babu aiki. Abin da hannunta ya iya shi ne haɗa ƙananan motoci na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, a manne su da gam, a yi musu fenti har su zama kamar na gaske. Akwai wata mata mai shago da ke ƙera ƙananan gidaje da motoci, waɗanda masu zanen gini ke nuna wa mutane kafin a kafa tubali. Matar tana neman mai hannu, ta ce Injiniya ta kawo mata aiki guda ranar Litinin. Ba takardar makaranta take son gani ba, ƙyalli take son gani, domin a ƙyalli ake gane mai haƙuri.

Motar ja ce, tsawonta bai kai tafin hannu biyu ba, da 'yan rubuce-rubuce farare manne a ƙofofinta. Injiniya ta fesa mata kiliya, ruwan nan marar launi da ake rufe fenti da shi don ya yi sheƙi, da wata 'yar bindigar fesa mai kama da biro. Ta kife kwali a kanta a teburin ɗakin ɗinki, ta ce, "Baba, zan je sayen samfefa mai laushi, takardar goge fenti. Kada kowa ya taɓa."

Tana fita Tela ya ɗaga kwalin. Motar da ya sa ran zai ga fuskarsa a jikinta, ga ta nan dishi-dishi kamar an hura mata gari.

Yana tsaye a kanta sai ga yayansa, wanda ya zo karɓar wandon da ya bayar a rage masa. Yayan mai fentin mota ne, garejinsa na bayan layi, kuma tun suna yara Tela bai taɓa ce masa a'a ba.

"Yaya, don Allah duba min. Haka ake yi? Jibi za ta kai wa matar nan."

Yayan ya sunkuya, ya matse ido ɗaya, ya yi tsaki. "Wannan ai bawon lemo ne. Da me ta fesa, da miyau? Kawo, in wuce da ita gareji, akwai ragowar kiliya a bindiga."

"Ta ce kada kowa ya taɓa."

"Ni ne kowa?"

Ya saɓa wandonsa a kafaɗa, ya ɗauki motar da yatsu biyu kamar ɓera, ya fita. Tela ya bi shi a baya da tef ɗin awo rataye a wuya, yana cewa a hankali, a hankali.

A gareji yayan ya ɗora motar a kan wata tsohuwar taya, ya kunna injin iska, ya ɗauko bindigarsa wadda ake yi wa ƙofar babbar mota fenti da ita. Fesawa ɗaya, motar ta jiƙe sharkaf. Sai ga ƙyalli, ƙyalli na gaske, har Tela ya hango rufin kwanon garejin a saman 'yar motar. Ya buɗe baki zai yi godiya ke nan, jan fentin ya fara tattarewa kamar fatar tsohuwa. Rubutun ƙofar ya naɗe, ya zame gefe. Rufin motar ya yi laushi, ya ɗan lotsa a tsakiya.

Yayan ya kashe inji, ya leƙa, ya taɓe baki. "Robar ce ba ta da kyau. Kayan yanzu ke nan."

"Yaya, aikinta ne fa."

"Wane aiki? Kayan wasa dai. Budurwa kamarta tana zaune tana wasa da mota, kai kuma kana tsaye kana yi mata gadi. Ka sayo mata wata, ta daina kuka."

Tela ya dubi 'yar motar da ke kan taya. Ya tuna yadda take zama da tsinken sakace tana jera fitilun motar, numfashi ma a ɗauke. Ya tuna yadda take dawowa daga neman aiki ta ce masa an ce za a kira ta, tana murmushi don kada ya damu. Ya ɗauki motar a tafin hannu.

"Da motar wani mai kuɗi ce ka tattare haka, Yaya, da yanzu kana durƙushe kana ba da haƙuri. Don ta 'yata ce shi ya sa robar ta zama mai laifi? An ce kada a taɓa, ka taɓa, ka ɓata, ko sannu ba ka ce ba, sai ma gori."

"Ni kake faɗa wa haka a wurin sana'ata?"

"Kai nake faɗa wa. Babba juji ne, haka muka ji, amma yau kai ka kwaso sharar ka zuba mana."

Ma'aikatan garejin duk suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin gogewa. Tela ya juya ya tafi, bai jira amsa ba.

Injiniya ta dawo ta tarar da motar a kan tebur, kwalin a ƙasa. Ta daɗe tana kallonta. Mahaifiyarta ta leƙo daga tsakar gida, ta ga fuskar mijinta, ta ce, "Garin gyaran gira ke nan."

"Baba Babba ne?" in ji Injiniya.

"Shi ne. Ni kuma na nuna masa, don na ga ba ta ƙyalli."

"Baba, ai ba lokacin ƙyallinta ba ne." Muryarta ba ta tashi ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. "Da gangan ake fara fesawa sama-sama, kamar hazo, a bari ya kama. Shi ne ke tsare fenti da rubutu. Bayan nan ake matsowa kusa, a tafi a hankali, a jiƙa ta sosai, ta kwanta sumul. Tasa kiliyar kuma ta ƙarfe ce, tinar da ke cikinta, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, cin roba take yi."

"Ya ce kayan wasa ne," in ji Tela, ransa na sake ɓaci. "Mutumin da bai iya zura zare a allura ba sai ya kawo min."

Ta yi ɗan murmushi, ta jawo kujera, ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsoma samfefar da ta sayo. "Rufin zai ciku. Rubutun ya tafi, sai dai ta je babu shi. Matsalar bushewa ce. Kiliya tana son kwanaki kafin ta yi tauri, ni kuwa jibi ne."

Tela ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, domin ta taɓa ce masa gashin yadi da ke tashi a ɗakin shi ne babban abokin gabarta. Ya kwashe yadudduka ya kai ɗakin kwana. Ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya rufe taga, ya ɗauki benci ya zauna a ƙofa. Mai kanti na kusa ya zo karɓar riga, Tela ya ce ya dawo Talata. Yayan ya aiko a ce masa ƙafar wandon ɗaya ta fi ɗaya tsawo, Tela ya ce a gaya masa yadin ne ba shi da kyau.

Ranar Lahadi da hantsi ta fesa ja. Bayan azahar ta fesa hazon, motar ta sake yin dishi-dishi, Tela ya leƙa ta ƙofa ya danne bakinsa da hannu. Da la'asar ta matso da 'yar bindigar kusa, ta bi jikin motar daga gaba zuwa baya, a hankali, ba ta tsaya ba. Ƙyallin ya bi bayan hannunta kamar an zuba ruwa a faranti. Ta kife kwali.

Safiyar Litinin shi ya riƙe kwalin a motar haya, a kan cinya, yana kare shi da gwiwar hannu duk lokacin da wani ya matso. A ƙofar shagon matar, Injiniya ta ɗaga murfin ta duba. Motar na sheƙi, amma in an karkata ta wajen haske ana ganin ɗan tudu a rufin, inda aka cike.

"Har yanzu da laushi," in ji ta. "Idan ta danna da yatsa, shatin zai zauna."

"Ki gaya mata kada ta taɓa."

"Baba, ai ita ba a hana ta, ita ce mai ɗaukar aikin."

Ta karɓi kwalin ta shiga. Tela ya zauna a dakalin da ke waje, yana murza tef ɗin awon da ya manta a aljihu. Ta gilashin ƙofar ya ga matar ta sa tabarau, ta sunkuya a kan motar, ta kai hannu. Wani ma'aikaci ya gifta da allo ya tare masa gani. Ko matar ta taɓa motar, ko ta ga tudun rufin, ko za ta ɗauki 'yarsa aiki, Tela bai sani ba tukuna.