Tasar da Ke Ƙarƙashin Bawul

Kowace shekara a birnin Harbin na ƙasar Sin, kafin a saki ruwan zafin ɗumama gidaje, sai an yi ranar gwaji. Ana liƙa takarda a ƙofar bene cewa kowa ya zauna gida, domin za a tura ruwa cikin bututu a ga inda ke yoyo. Bana Pang Deshun bai karanta takardar ba. Shekara arba'in matarsa Guilan ke karanta masa, ita kuwa ta rasu tun watan huɗu. Ranar gwajin yana lambun gwamnati yana buga dara.

Da ya dawo, ya iske Tong Yuxia, maƙwabciyarsa ta ƙasa, tsaye a ƙofarsa riƙe da ƙugu.

"Yaya Pang, ka kyauta! Silin ɗina ya jiƙe sharkaf, baƙin ruwa har cikin randar kabejina. Kai ne fa mai gyaran bututu na masana'anta shekara talatin!"

"Ɗan ɗigo ne, ƙanwata."

"Ɗan ɗigo? Zo ka ci kabejin, in ɗan ɗigo ne."

Ruwan ya fito ne daga bawul ɗin ƙarfen ɗumama ɗakin kwana, wato makunnin ruwan zafi mai lamba ɗaya zuwa biyar a kansa. Shekara tara yana yoyo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidan Pang matar mai ɗaki ce ta sani. Duk ranar gwaji Guilan kan sa wata farar tasa a ƙarƙashinsa, ta riƙa zubarwa kowace safiya har sanyi ya wuce. Idan ta yi magana sai ya ce gobe. Mutum ne mai goben da ba ta ƙarewa.

Kafin yamma labari ya kai ga 'yarsa Lirong a Shenzhen, don Tong ba ta iya riƙe magana.

"Baba, ka ga abin da nake faɗa ko?" in ji Lirong a waya. "Ba ka iya zama kai kaɗai. Idan ranar sakin ruwan zafi ta zo bai gyaru ba, zan zo in kwashe ka, mu sayar da gidan."

Pang ba ya son barin gidan nan. Washegari ya sayo sabon bawul, ya rufe ruwan gidansa daga matakala, ya tsiyaye na cikin ƙarfen a bokiti, baƙi ƙirin mai warin tsatsa. Ya kama bututun da sifana ɗaya, ya murɗa da ɗaya, tsohon bawul ya yi ƙara ya saki. Ya naɗa zaren rama irin na zamaninsu, ya duba kibiyar da ke nuna hanyar ruwa, ya ɗaure. Hannu bai manta ba.

Tong tana bakin ƙofa tana duba agogo, ita ce shaidar Lirong. Ya buɗe ruwa, ya sa busasshiyar takarda a ƙasa. Ko ɗis.

Ta buga wa Lirong waya nan take. "Bar tsohon nan a gidansa, ya fi matasa iyawa. Minti ashirin fa!" Ta kashe wayar, ta sunkuya ta ɗauki farar tasar da ke jingine a bango, ta juya ta. Gindinta duk tsatsa ta ci, daidai inda ɗigon ke sauka.

"Minti ashirin," ta sake cewa, amma wannan karon ba yabo ba ne. "Guilan kuwa shekara tara tana durƙuso da ciwon gwiwarta."

Pang ya karɓi tasar. Kunya ta kama shi, irin wadda babu sauran wanda za a ba haƙuri. Ya tsira da gidansa. Ya buɗe kabad don ya ajiye ta, ya tsaya, sannan ya rufe. Ya durƙusa ya mayar da ita ƙarƙashin bawul ɗin, inda babu abin da zai ƙara ɗiga.